Ruwan da Kyaftin Bai Gani Ba

Sufeto bai gama kurɓar shayinsa ba wayar ofis ta yi ƙara. Wani ƙaramin jirgin sama ne ya faɗo a gonar da ke bayan tsohon filin jirgi. Mutum ɗaya ne a ciki, kuma rai ya yi halinsa.

"Mu da muke fama da ɓarayin waya, me ya haɗa mu da jirgin sama, yallaɓai?" in ji Kofur, yana laluben makullin mota a aljihu.

"Gawa ce ta haɗa mu. Ɗauko hularka."

Sun tarar da jirgin ya kafa hanci a cikin kunyoyi, fiffike ɗaya ya karye, ɗayan yana nan lafiya. Wuta ba ta tashi ba. An riga an fito da matuƙin an lulluɓe shi a gefe. Sufeto ya ɗaga mayafin kaɗan. Dattijo ne mai furfura, rigarsa fara tas da karin guga, irin shigar wanda ya fito da niyyar ganin mutane.

Kowa a wurin Kyaftin yake kiransa. Jirgin nasa ne, da shi yake kai likitocin dabbobi gonaki masu nisa.

Wata mata cikin rigar aiki tana tsugunne a ƙarƙashin fiffiken da bai karye ba. Injiniya ce daga hukumar jirage. Ta taso riƙe da kwalba, ta ɗaga ta saitin rana.

"Sufeto, me ka gani?"

"Abu shuɗi-shuɗi a sama, abu fari a ƙasa."

"Shuɗin shi ne man jirgi. Na ƙasan ruwa ne. Ruwa ya fi mai nauyi, shi ya sa yake kwantawa. Man da ya rage a bututu ya ishe shi ya yi gudu a titi ya ɗaga. Yana ɗagawa injin ya zuƙi ruwa, ya mutu a sama."

"Ruwan sama ne ya shiga?"

"An daɗe rabon da a ga ko yayyafi. Robar murafan tankin lafiya lau. Na gwada motar da ke ba su mai, babu ɗigo. Ruwa mai yawa haka ba ya shiga tanki da ƙafarsa, zuba shi aka yi."

Sufeto ya waiwaya ya dubi wanda ke kwance a ƙarƙashin mayafi.

Rumfar da ake ajiye jirgin tana can ƙarshen filin. Maigadi, wani tsoho siriri, yana zaune a bakin ƙofa, hularsa a gwiwa.

"Baba, kai ka ga tashinsa?"

"Ni na buɗe masa ƙofa, ranka ya daɗe."

"Ya duba mai kafin ya hau?"

"Bai taɓa fashi ba. Akwai wani ɗan kofi da yake tara shi a ƙarƙashin fiffike. Ya tsiyaya, ya ɗaga ya duba, ya watsar. Ya je ɗaya fiffiken ya yi haka. Sannan ya ce mini a yi masa addu'a, ya hau."

"Daga nan fa?"

"Bai wuce tsayin itatuwan can ba injin ya fara tari. Ya yi tari, ya yi tari, sai tsit. Shirun nan ne ba zan manta ba."

"Jiya da yamma wa ya shigo rumfar?"

Maigadi ya juya hularsa a gwiwa. "Ba kowa."

"Ko mutum ɗaya?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Sai dai shekaranjiya na ji Kyaftin da Bakanike suna ɗaga murya."

Kofur ya ɓullo daga bayan rumfar riƙe da wani abu da hankici. Mazurari ne na roba, kore, ɗan madaidaici.

"A cikin ciyawa na tsinta, yallaɓai. Irin wannan matata ke ɗura man girki a kwalba da shi. Ko jirgin ma miya ake yi masa?"

Sufeto ya sa aka jefa shi a leda. A jikin bangon rumfar mazuraran jirgi ne a rataye, manya, na ƙarfe, masu rariya. Wanda duk ya san wurin da su zai yi aiki.

Bakanike mutum ne gajere mai faffaɗar kafaɗa. Suka same shi yana ta goge sufana ɗaya, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"An ce kun yi faɗa da marigayi."

"Ba mu yi ba."

"An ji muryoyinku."

"Maganar kayan gyara ce. Kullum muna yin ta."

"Kai kake da makullin rumfa?"

"Ni da shi, da Maigadi."

"To faɗa mini. Mutumin da ya tsufa a sama ya ɗaga kofi ya duba, ta yaya ruwa zai wuce idonsa?"

Bakanike ya ɗauko wani kofin irin na Kyaftin daga kan benci. "In ruwan kaɗan ne, za ka gan shi ya kwanta a gindin kofi, ga layi tsakaninsa da mai. Ko yaro ya gani. In ya yi yawa kuwa, kofin duka ruwa ne zai cika shi. Babu layi. Sai dai launi ya faɗa maka, don mai shuɗi-shuɗi ne."

"Wari fa?"

"Kofin da ya shekara yana shan mai, ko ruwan rijiya ka zuba masa warin mai zai yi."

"Ke nan launi ne kaɗai. Kyaftin kuwa ya san launin mai."

Bakanike ya sunkuyar da kai, ya koma kan sufanarsa.

A kusurwar rumfar akwai ɗan ofis na katako, da tebur da kujera ɗaya. Sufeto ya jawo durowa. A ƙarƙashin tsummoki ya tarar da gilashin ƙara girman rubutu, da kwalaben maganin ɗigawa a ido, wasu sun ƙare, an goge sunan da ke jikinsu.

Ya miƙa hannu nesa yana ƙoƙarin karanta abin da ya rage a jikin kwalba ɗaya.

"Yallaɓai, in riƙe maka daga waje?" in ji Kofur.

Sufeto ya harare shi, sannan ya zaro tabarau daga aljihun ciki. Ya fi wata shida da sayensa, amma ba ya son yaransa na ofis su gan shi da shi. Ya tsaya da tabaraun a hannu. Shi da aikinsa bai rataya a kan ido kamar na matuƙi ba yana ɓoyo, ina ga mai wannan durowa.

Ya koma wurin Bakanike ya jera kwalaben a kan benci.

"Tun yaushe?"

Mutumin ya dube su, idanunsa suka kawo ruwa. "Tun bara. Da farko dare ne ba ya gani sosai. Daga baya ya zama ni nake karanta masa agogon inji kafin ya tashi. Shekaranjiya na ce masa ba zan ƙara ba, ya sauka haka nan da mutuncinsa. Ya ce in na gaji da aiki in faɗa. Shi ya ɗauko ni ina gyaran babur a bakin titi, yallaɓai. Ya zan kai ƙararsa?"

"Sai ka zuba masa ruwa don ya zauna a ƙasa."

"Ni na san abin da ruwa ke yi wa inji. Da zan hana shi tashi, wayar batir zan cire."

Sufeto ya yarda da wannan a ransa, amma bai nuna ba. "Bayan kai wa ya san zancen idon?"

"Ban sani ba. Ko Malama ya ce kada ta ji."

"Wace Malama?"

"Matarsa. Ta koyar a firamare har ta yi ritaya."

Gidan Kyaftin ɗan madaidaici ne, da baranda da tukwanen furanni. Mutane sun fara taruwa. 'Yarsa guda ɗaya ce, ta zo hutu ne daga wani gari da ƙaramar ɗiyarta. Ita ta shigar da su falo, idanunta sun kumbura.

"Da tare za mu tafi," ta ce. "Ya yi wa jikarsa alkawari zai nuna mata rufin gidanmu daga sama. Tun jiya take tsalle."

"Me ya hana?"

"Da safe Mama ta taɓa goshinta ta ce zazzaɓi ne, ba inda za mu. Baba ya yi fushi, suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa. Da ya fito ya ce zai zaga sau ɗaya ya dawo. Ya tari tasi ya tafi."

"Ba shi da mota ne?"

"Akwai. Amma Mama ce ke kai shi yanzu, ita ke ɗauko shi. Wai ta ce zaman gida ya ishe ta. Yau ce kawai ta ƙi."

Ta taga Sufeto ya hango wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba tana bin kyanwa da gudu a tsakar gida, tana ƙyalƙyala dariya. Ba wanda ya samu ƙarfin faɗa mata tukuna.

"An kai ta asibiti?"

"A'a. Ni dai ban ji zafi a jikinta ba."

Malama tana zaune a ɗaki a bakin gado, hannuwanta a cinya. Mace ce kamila, fuskarta a bushe, babu hawaye. Sufeto ya yi mata ta'aziyya, ta amsa a hankali.

"Malama, mijinki yana da wani ciwo?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Idanunsa fa?"

"Ya fi ni gani."

"Yaushe rabonki da filin jirgi?"

"Na manta. An daɗe."

"Yana da wanda ba sa ga maciji?"

Ta ɗago ta dube shi. "Babu wanda ya ƙi shi, Sufeto. Ko mutum ɗaya."

A mota Kofur ya daɗe bai tada inji ba. "'Yar ta ce Malama ce ke kai shi kullum. Ita kuma ta ce an daɗe."

"Na ji."

"Yallaɓai, ba na son inda maganar nan ta nufa."

"Ni ma haka. Mu koma wurin Maigadi."

Tsohon yana nan inda suka bar shi. Sufeto ya jawo benci ya zauna kusa da shi, ya ajiye ledar mazurarin a tsakaninsu.

"Baba, Bakanike ne ke da makulli, kuma an ji shi yana faɗa da marigayi. In ba wanda ya shigo jiya, yau a caji ofis zai kwana. Yana da iyali. Ka yarda da haka?"

Maigadi ya dubi ledar.

"Malama ce ta koya wa 'ya'yana karatu," ya ce. "Duk cikinsu ba wanda bai bi ta ajinta ba."

"Ta zo jiya?"

"Rana ta yi sanyi ta zo, ita kaɗai. Ta ce Kyaftin ya manta jakarsa a ofis. Na buɗe mata. Sai ta ce kanta na ciwo, in je bakin titi in samo mata magani. Da na dawo tana rufe bayan mota. Na ga jarka a ciki."

"Tsanin da ake hawa kan fiffike fa?"

"Na same shi a jingine ba inda yake zama ba. Ni na mayar da shi." Ya share fuska da hularsa. "Na ɗauka wani abin alheri take shirya masa. Wallahi abin da na ɗauka ke nan."

Sufeto bai koma gidan a ranar ba. Ya bari likita ya gama aikinsa, aka ba iyali gawa, aka binne Kyaftin. Ya faɗa wa kansa cewa shaida yake ƙara haɗawa, amma ya san ba abin da ya rage a haɗa.

Washegari da hantsi suka je. Masu gaisuwa sun ragu. Malama tana kicin ita kaɗai tana jera kofuna. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa, Kofur a bayansa.

A jikin bango, kusa da ludaya, mazurarai kore guda biyu ne a rataye, babba da ƙarami. Ƙusar da ke tsakaninsu ba komai a kanta.

Ya ajiye ledar a kan tebur.

Malama ta dube ta. Ta ɗauki tsumma ta goge hannuwanta sosai, ta jawo kujera ta zauna.

"Rufe ƙofar," ta ce. "Kada 'yata ta ji daga bakin wani."

Kofur ya rufe.

"Na san zancen idon tun kafin shi ya yarda," ta ce. "Ya ɗauka ya ɓoye mini. Mutumin da nake kwana da shi a ɗaki ɗaya. Ya zuba shayi ya wuce bakin kofi. Ya gaida ƙanina da sunan wani. Ranar da ya kusa taka mai keke na karɓe makullin mota, na ce zaman gida ne ya ishe ni. Ya gane, ni ma na gane ya gane, ba wanda ya ce wa wani komai."

"Me ya sa ba ki sanar da hukuma ba?"

"Na ɗauki waya ya fi a ƙirga. Da sun karɓe masa lasisi a gaban yaran da ya koya wa tuƙi. Kuma da ya san ni ce. Ba ka san shi ba, Sufeto. In ka raba shi da jirgin nan ban san abin da zai rage ba."

"Sai ya ce zai ɗauki 'yarki da jikarki."

"Na roƙe shi. Na ce masa ya bari sai wani zuwan. Ya ce wa ya san ko akwai wani zuwan. A nan na gane ban kwana yake yi da sama, yana son su gan shi yana tuƙi ko sau ɗaya ne kafin duhu ya rufe shi." Ta ja numfashi. "Muna amare nakan riƙe masa kofin nan. Shi ya koya mini. Ya ce in ka ga ruwa a gindin kofi, ba tashi, sai an sauke man duka an wanke tanki. Aikin kwanaki ne. Kafin a gama hutunsu ya ƙare sun koma. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda aka kai ƙara."

"Nawa kika zuba?"

"Da farko kaɗan. Har na sauko daga tsani, sai na ce mutumin da ba ya gani sosai, in kaɗan ne zai wuce shi. Na koma na juye jarkar duka, rabi nan, rabi can. Don ya gani na ƙara."

Sufeto ya dubi ƙasa. Ya yi shekaru yana faɗa wa mutane abin da ba sa son ji, amma wannan ya yi masa nauyi.

"In kin tabbata zai gani, me ya sa kika hana su bin sa?"

"Da gari ya waye zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ƙirƙiro zazzaɓi. A ɗaki na ce masa kada ya je. Ya ce in ba shi dalili ɗaya. Maganar tana bakina, Sufeto. Na ce a raina in na faɗa ba zai sake kallona da daraja ba, kuma ai zai duba kofi. Bai taɓa fashi ba." Ta ɗago ta dube shi. "Bai duba ba ne?"

"Ya duba."

"To ta yaya?"

Zai iya cewa bai sani ba. Amma za ta ji a kotu, a gaban jama'a, daga bakin Injiniya.

"Ruwan ya yi yawa, Malama. Ya cika kofin duka, babu mai a samansa, babu layin da zai gani. Launi ne kaɗai zai faɗa masa. Idonsa bai kai nan ba."

Ta zuba masa ido. Ya ga maganar tana shigarta a hankali.

"Da na bar shi a kaɗan ɗin..."

"Ba wanda ya san wannan."

"Ni na sani."

Sai a lokacin kukan ya zo mata, ba sauti, kafaɗunta kawai ke girgiza. Kofur ya juya yana kallon bango.

Da ta natsu, Sufeto ya faɗa mata cewa an kama ta bisa zargin haddasa mutuwar mijinta, kuma tana da damar ta nemi lauya kafin ta ƙara cewa komai. Kofur ya kai hannu ga ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai.

"Ku ba ni minti kaɗan da 'yata," ta ce.

Suka jira a baranda. Ba su ji abin da aka faɗa a ciki ba. Wata ƙara guda suka ji, gajeriya, kamar an taka mutum a ƙirji, sannan shiru.

Malama ta fito da mayafinta, ta wuce ta gaban sauran masu gaisuwa ba ta dubi kowa ba. Kofur ya buɗe mata ƙofar baya. Ta zauna, ƙafafunta a waje. Sai a sannan Sufeto ya lura ba takalmi ta fito.

'Yar ta fito daga gida a hankali, fuskarta a jiƙe, takalman a hannunta. Ta durƙusa a kan tsakuwa ta sa mata na dama, ta sa mata na hagu, ta ɗaure maɗaurin. Ba ta ɗaga kai ta dubi uwarta ba. Malama ta miƙa hannu za ta taɓa kanta, hannun ya tsaya a hanya.

'Yar ta miƙe ta koma ciki.

Sufeto ya jira har Malama ta shigar da ƙafafunta, sannan ya rufe ƙofar da kansa.

"Mu je," ya ce wa Kofur. "Ka tuƙa a hankali."